Cinikin Biri a Sama: Yadda Ake Taya da Sallama a Kasuwar Intanet

A Kantin Kwari, kafin ka buɗe baki mai shago ya riga ya karance ka. Ya dubi takalminka, ya ga yadda ka shafa shaddar, ya lura ko ka shigo da saurin mai biki gobe ne ko da tafiyar mai kashe lokaci. Kai ma kana karantarsa. Kana jin yadda ya ce “albarka”, domin akwai albarkar da ke nufin ka yi nisa, akwai kuma wadda ke nufin ɗora kaɗan in sallama. A shafin tallace-tallace na Jiji, ko Facebook Marketplace, ko zaurukan saye da sayarwa na WhatsApp, duk wannan babu. Hoto huɗu ne, da layi biyu na bayani, da lambar waya. Tun kafin a san intanet Hausawa suka raɗa wa irin wannan suna: cinikin biri a sama.

Abin da saye da sayarwa ta wannan hanya ya koya mini shi ne, cinikin hawa biyu ne. Akwai wanda ake yi a rubuce ko a waya, biri yana kan reshe. Akwai kuma wanda ake yi bayan ya sauko, kaya a hannu. Na farko aikinsa ya tantance ko ya kamata ku haɗu, na biyu shi ne cinikin. Yawancin asarar da nake ji mutane suna yi, daga ɗaukar na farkon a matsayin na biyun take fitowa. Zan yi misali da wayar hannu da aka yi amfani da ita, don ita aka fi juyawa, amma hanyar ɗaya ce ko firji ne, ko keken ɗinki, ko babur. Kuɗaɗen da zan ambata misali ne kawai.

Ka san farashi kafin ka yi wa kowa sallama

Kuɗin da kake gani a jikin talla ba kuɗin da aka sayar ba ne, kuɗin da mai kaya yake fata ne. Don haka talla guda ba ta isa ma'auni ba. Buɗe kamar goma na irin wayar da kake so, samfuri ɗaya, girman ma'ajiya ɗaya, kuma yanayi ɗaya, domin wadda aka shigo da ita daga waje, wato Landan-yus a bakin 'yan kasuwa, ba kuɗinsu ɗaya da wadda aka riƙe a gida shekara biyu ba. Ka zubar da biyu mafiya tsada, masu su ba sa sauri. Ka zubar da wadda arharta ta fita daga hankali, wannan ƙugiya ce. Abin da ya rage a tsakiya shi ne bakin kasuwa.

Sai mataki na biyu, wanda mutane kaɗan ke yi, alhali ya fi na farko amfani. Je ka kasuwar waya, Farm Centre ko titin Beirut in kana Kano, Banex in kana Abuja, ko ka kira wanda ka sani a can. Yi tambaya biyu, kuma zai fi kyau ka yi wa mutum biyu daban. Ta farko: nawa za ka sayar mini da wannan wayar? Ta biyu: in na kawo maka irinta, nawa za ka saya? A ce na farko ya ce dubu 330, na biyu ya ce dubu 260. To tsakanin 260 da 330 shi ne filin cinikinka gaba ɗaya. Mai talla ba zai sauka ƙasa da 260 ba, don zai iya hawa adaidaita ya je ya karɓi wannan a kasuwa yau ɗin nan. Kai kuma ba ka da dalilin haura 330, ko ma kusantarta, don a wannan kuɗin za ka saya a shagon da ka san ƙofarsa, wanda in ta ba da matsala jibi za ka iya komawa. Wanda ya san waɗannan lambobi biyu ba ya yin tayin wauta, ba a kuma yanke shi.

Kada ka dogara da farashin da abokinka ya saya bara. Tun da Babban Banki ya saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta wuce 1,500 a farkon 2024, kuma duk kayan da ake shigowa da su suka bi ta. Akwai wayoyin da aka saya sababbi, aka more su shekara guda, aka sayar da su sama da kuɗin da aka saya. Farashin wata uku baya tarihi ne.

Daga nan ka tsayar wa kanka lamba uku: inda za ka fara taya, inda kake so ciniki ya faɗa, da iyakar da ba za ka wuce ba ko da wayar tana ƙyalli kamar zinare. Rubuta ta ukun a takarda. Ba wasa nake ba. Zuciya tana da halin ƙara dubu goma-goma idan ido ya ƙyalla, kuma a cikin iyakar nan ka lissafa kuɗin mota zuwa da dawowa, da caja in babu, da abin da za ka ba mai dubawa.

Karanta tallar, ka karanci mai ita

Jiji ya fara aiki a Legas a 2014, kuma a 2019 ya karɓe harkar OLX, wani shafin talla irinsa, a Najeriya da Gana da Kenya da wasu ƙasashen, shi ya sa yau 'yan kasuwa suka cika shi maƙil. Wannan yana da muhimmanci, domin mutum iri uku ne ke sa talla, kuma ba a ciniki da su iri ɗaya.

Akwai ɗan kasuwa mai shago. Za ka gane shi da yawan tallarsa, wayoyi talatin a kan teburi ɗaya, hoto tsaf. Ya san uwar kuɗinsa, ba ya gaggawa, raginsa kaɗan ne, amma wurinsa ake samun gyara: caja, gilashin kariya, ko alkawarin kwana uku ko mako in ta nuna matsala ka dawo da ita. Akwai mai kaya na ainihi, wanda ya ɗauki hoton a kan katifa, kuma in ka duba sauran tallarsa ka ga fanka ɗaya da tsohuwar talabijin. Wurinsa ragi yake, amma babu komawa. Sannan akwai dillali, wanda kayan ba nasa ba ne, wani lokaci ma ba ya hannunsa. Ya ɗauki hoton daga wani ya ɗora nasa a kai. Dillanci sana'a ce, ban ƙi ta ba. Amma ka tambaya tun da fari: “Malam, kayan naka ne ko kana tsakani?” In yana tsakani, a daddale: la'ada ciki ce ko la'ada waje. Sau da yawa rigimar da ke tashi bayan an biya, a kan wannan kalma ɗaya ce da ba a faɗa ba.

Duba kuma kwana nawa tallar ta yi. Wadda aka sa jiya, mai ita yana cike da buri, saƙonni suna ta shigowa, ba zai saurari ragi ba. Wadda ta yi mako uku, musamman in ka lura an rage kuɗin sau ɗaya, mai ita ya gaji da masu tambaya su ɓace. Lokaci ma yana magana: gab da sallah, ko komawar yara makaranta, ko ƙarshen shekarar haya, masu sayarwa sun fi masu saye yawa. Amma a nan zan ɗan tsaya. In mutum ya ce maka asibiti zai kai kuɗin, kuma ka ga alamar gaskiya, ba lokacin murɗe masa wuya ba ne. Saya a bakin kasuwa ka tafi. Dubu goman da za ka tatsa daga mai jinya ba ta da albarka.

Saƙon farko

Mafi munin buɗe ciniki shi ne wanda aka fi yi: “Nawa ne las?” Ba sallama, ba tambaya game da kayan. Mai talla yana samun irin wannan goma a rana, kuma ya koyi cewa tara daga ciki ba sa dawowa. Ko ya yi banza da kai, ko ya maimaita kuɗin da ke jikin tallar. In ma ya sauko, ka sa shi ya faɗi lambar da yanzu zai kare ta da girman kai, don ya riga ya ce ita ce ta ƙarshe. Haka nan tambayar nan da Facebook ke aikawa da kansa in ka taɓa maɓalli, wai ko kayan yana nan, ba ta nuna kai mai saye ne.

Rubuta kamar mutum ya shiga shago: “Assalamu alaikum, Malam, ya kasuwa? Na ga wayar da ka sa. Ina Tarauni, kuma in mun daidaita yau ko gobe zan saya. An taɓa buɗe ta? Batirin nawa yake nunawa? Akwai kwali da rasit?” Ba ka ambaci kuɗi ba, amma ka gaya masa abu uku: kana kusa, kana da niyya, ka san abin da ake dubawa.

Tambayoyin ba na ado ba ne, kowace amsa kuɗi ce. An canja sikirin? Na asali aka sa ko na kasuwa? Lafiyar batir a iPhone in ta sauka ƙasa da kashi 80 cikin ɗari, wayar da kanta tana nuna yana son canji, kuma kuɗin canjin daga farashi zai fita. Babu rasit? Wannan ba batun ragi kaɗai ba ne, zan dawo kansa. Nemi ya ɗauko maka ɗan bidiyo yanzu, yana juya wayar, yana nuna shafin batir, da takarda a gefe mai ɗauke da sunanka ko ranar yau. Mai kaya a hannu minti biyu zai yi. Wanda ya saci hoto zai fara ba ka labarin yana kan hanya, ko wayar tana wurin ƙaninsa.

In amsoshin sun gamsar, kira shi. Murya tana ba da abin da rubutu ke ɓoyewa, kuma mutum ya fi jin nauyin ƙin wanda ya gaisa da shi.

Tayi

A ce ya sa dubu 320, kai kuma kana so ta faɗa a wajen 285, iyakarka 295. Kada ka taya 150 don wai a Kwari ana raba kuɗi biyu. Raba biyu na kayan da ba a san farashinsu ba ne. Waya kowa ya san kuɗinta, kuma a intanet ba ka da damar yin dariya ka gyara. Wanda ka ba wa haushi toshe ka zai yi. Fara daga ɗan sama da abin da 'yan kasuwa za su ba shi, kamar 265 ko 270, kuma kada tayinka ya fita tsirara. Rataya masa dalili:

“Malam, batirin 81 ne, nan da wata biyu sai na canja, ga shi babu caja. Na saya 268, in zo da kuɗina yau bayan la'asar.”

“Albarka, Alhaji. Wallahi bai kai ba. Kawo 310.”

Lura da abin da ya faru. Ya ce albarka, amma ya sauko da dubu goma. Ƙofa a buɗe take. Yanzu doka ɗaya ce: kada ka ƙara sau biyu a jere ba tare da shi ya motsa ba, kuma kowane ƙari ya fi na baya ƙanƙanta. Daga 268 ka je 278, daga nan 283, daga nan 285. Raguwar ƙarin ita ke gaya masa ka kusa bango, ba sai ka rantse ba. Wanda ya yi tsalle daga 268 zuwa 290 ya sanar da cewa akwai sauran kuɗi a aljihu.

Shiru ma tayi ne. Ba dole ka amsa saƙo a cikin minti ɗaya ba. In ya tsaya a 300 ya kafe, ce masa: “To Malam, Allah ya kawo kasuwa. Ni 285 nake da ita. In ka ga za ka iya, ga lambata, har gobe da yamma ban saya a wani wuri ba.” Ka tafi da gaske, ka ci gaba da duba wasu. Wannan ita ce juyawar da ake yi a kasuwa har mai shago ya ce “zo, kawo”. Bambancin kawai, a nan kiran yana iya zuwa bayan kwana biyu. In bai zo ba, ka koyi cewa tayinka ya yi ƙasa, kuma ilimi ne da ka samu kyauta.

Hattara da “mu raba”. Kana 280, yana 300, sai ya ce a raba a tsaya 290. Yana kama da adalci, amma tsakiyar ta dogara ne da inda kowa ya fara, kuma wanda ya fara da kuɗi mai kauri shi tsakiya ke yi wa daɗi. In 290 tana cikin iyakarka, karɓa, amma nemi wani abu a kai: caja ta asali, ko shi ya zo unguwarku. In kuɗi ya ƙi motsi, sau da yawa gyara tana motsi.

Za ka ji “wani ya taya 305, yana hanya”. Wataƙila gaskiya ne, wataƙila ba haka ba. Amsar ɗaya ce a duka halin biyu: “Masha Allah, sayar masa. In bai zo ba ina nan.” Ba ka ƙaryata shi ba, ba ka kuma shiga tseren da ba ka ga abokin tserenka ba. Kai ma kada ka ƙirƙiro wani shago da ya ba ka a 270 alhali babu. Ƙirƙirar mai tayi don a zuga farashi ɗan'uwan abin da malamai ke kira najashi ne, wanda Manzon Allah (SAW) ya hana, kuma ko ta fuskar kasuwa kaɗai, wanda ya kama ka da ƙarya ɗaya ya daina yarda da sauran maganarka.

Idan kun daidaita, rufe da jimlar da ta fi kowace muhimmanci a hawan farko, kuma a rubuce: “Mun tsaya a 287, in na same ta yadda ka faɗa.” Wannan sharaɗin shi ne igiyar da ke haɗa cinikin sama da na ƙasa.

Kafin alƙalami

Gajeriyar magana: kada ka tura. Ko na riƙe kaya, ko na mota, ko na “nuna da gaske kake”. Shi kansa Jiji yana gargaɗi a shafinsa kada a biya kafin a ga kaya, domin shi ba ya riƙe kuɗin kowa, haɗa ku kawai yake yi. Na taɓa tura dubu biyar ga wani mai janareta da ya ce mutane sun yi masa yawa, in ajiye wani abu. Muryarsa ta dattijo ce, har da addu'a ya yi mini. Kafin in isa unguwar da ya kwatanta lambar ta daina shiga. Dubu biyar ba ta talauta ni ba, amma na lissafa mutum nawa ya yi wa haka a ranar.

In kayan yana wani gari, a ce Legas ko Kaduna, nemi ɗan'uwa ko abokin da ke can ya je ya gani da idonsa, ya biya a gabansa, ya kai tasha da kansa. In ba ka da kowa a garin, wannan kayan ba rabonka ba ne.

Biri ya sauko

Ku haɗu da rana, a wuri mai jama'a. Ga waya, babu wurin da ya fi kasuwar waya, domin mai gyara yana nan kusa, ka ba shi ɗan wani abu ya duba maka. Tafi da mutum ɗaya. 'Yar'uwa, ko kina saye ko kina sayarwa, kada ki ba baƙo kwatancen gida, kada kuma ki je nasa ke kaɗai. In kayan ɗaki ne da ba sa ɗaukuwa, a sa yaya ko maigida ya tsaya.

Kada ka nuna kuɗi kafin ka gama dubawa, kuma kada ka bari a hanzarta ka. Danna *#06#, lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, za ta fito, ka gwada ta da wadda ke jikin kwali da rasit. Sa layinka ka kira wani, ka ji magana ta fita ta shiga. Gwada kyamara gaba da baya, da caji, da na'urar gane fuska ko yatsa. A yawancin wayoyin Samsung, *#0*# yana buɗe shafin gwajin sikirin da sauran sassa. A iPhone, shafin bayanin waya yana nuna in an canja wasu sassa kamar batir ko sikirin. Sannan abin da ba a sasantawa a kansa: ya fita daga asusunsa na iCloud ko Google a gabanka, a goge wayar, ta tashi sabuwa, ka sa naka. Wayar da ke kulle da asusun wani, madubi ka saya. Tambaye shi kuma ko ta biyan kaɗan-kaɗan ce, domin irin waɗannan kamfani yana rufe su daga nesa da zarar an daina biya, kuma a hannunka za ta rufe.

Yanzu ne ake ciniki na biyu, kuma yana da ƙa'ida. Abin da ya faɗa maka tun farko, an riga an cire shi a farashi, ba ka da haƙƙin sake cirewa. Abin da ka gano yanzu wanda bai faɗa ba, shi ne kaɗai hujjar sabon ragi. Ya ce ba a taɓa buɗe ta ba, mai gyara ya ce an canja sikirin: sai ka tambayi mai gyaran nawa bambancin yake, a gabansa, ka ce a cire. Ko ka fasa gaba ɗaya, don wanda ya ɓoye ɗaya yana iya ɓoye biyu. Hadisin Hakim bin Hizam ya ba ku wannan damar: mai saye da mai sayarwa suna da zaɓi matuƙar ba su rabu ba, kuma in sun yi gaskiya sun bayyana, a sa musu albarka a cinikinsu.

Amma in ka same ta yadda ya faɗa, biya abin da kuka tsaya. Akwai wata ɗabi'a da ta yi yawa: mutum ya sa ka taso daga Kabuga zuwa Zoo Road, ya jujjuya kaya bai ga aibi ba, sai ya shafa aljihu ya ce wallahi dubu 270 ce ta rage masa. Yana lissafin ka riga ka kashe kuɗin mota, ba za ka koma da kaya ba. Wannan ba iya ciniki ba ne, ƙaramin ƙwace ne.

Batun rasit: in babu shi, kuma mai wayar ba ya son a ɗauki hotonsa ko ya nuna katin shaida, ajiye masa wayarsa komai arharta. Karɓar kayan sata laifi ne a doka, kuma idan 'yan sanda suka bi sawun waya, wanda take hannunsa suke fara kamawa. Haka babur ko mota: lambar inji da ta jiki su dace da takardu, mota ta kasance da takardar kwastan, a kuma rubuta takardar sauya mallaka.

Idan kai ne mai kaya

Juya duk abin da na faɗa. Sa farashinka sama da inda kake so da kamar kashi goma cikin ɗari, ba ninki ba. Mai saye yana jera tallarka da ta mutum ashirin, in ka yi tsada ko sallama ba za a yi maka ba, balle a taya. Ɗauki hoto da hasken rana, kuma ka ɗauki aibin da kanka: tsagewar gefe, ƙujewar baya. Aibin da ka faɗa da bakinka an gama da shi. Wanda aka gano a gabanka sai ya ci kuɗi ninki biyu, don ya haɗa da yardar da ta zube.

Mai “nawa ne las” kada ka ba shi lamba. Ce masa: “Kuɗin yana jikin talla, Malam. Taya mu ji.” In ka fara saukowa kafin ya taya, da kanka kake ciniki. Wanda ya yi tayin raini, “albarka” ta ishe shi, ba sai an yi faɗa ba. Na sha ganin wanda ya fara da rabin kuɗi ya dawo ya saya da daraja bayan ya zaga. Duk ragin da za ka yi, ɗaura shi da wani abu: “Zan bar maka a 290 in za ka zo yau.” Kada ka ce kana cikin matsi ko da kana ciki. In an tambayi dalilin sayarwa, faɗi gaskiyar da ba ta tona maka asiri, kamar za ka canja wata. Kuma da zarar ka ce “na sallama”, ka sallama. In wani ya kira bayan minti goma da ƙarin dubu biyar, ce masa an riga shi, in na farkon bai zo a lokacin da kuka sa ba, za ka neme shi. Shi ya sa yake da kyau kowace sallama ta zo da wa'adi: zuwa magariba, ko zuwa gobe da azahar.

Masu son musaya da ciko su ma za su zo. Yi wa kowace waya kuɗinta daban, tasa a farashin da 'yan kasuwa za su saya, ba wanda shi yake fata ba, sannan a fitar da ciko.

Wurin karɓar kuɗi ne mai kaya ke faɗawa rami. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 kowa ya koma tiransifa, 'yan damfara ma suka koma can. Saƙon da ya shigo wayarka ba shaida ba ne, hoton rasit da ya nuna maka a tasa wayar ma ba shaida ba ne. Duka biyun ana ƙirƙira su. Buɗe manhajar bankinka, ko OPay ce ko Moniepoint ko wani, ka ga kuɗin sun hau kan abin da ke ciki. In ya ce matsalar netwok ce, ku zauna tare ku jira, kayan a hannunka. In sauri yake, ku je wurin mai POS ya cira ya ba ka a hannu. Wanda ya ce ya yi kuskure ya turo fiye da kima, ka maido masa ragowar, kada ka mayar da ko kwabo sai ka tabbatar daga bankinka. Lambar sirri da ake turowa waya kuwa, babu cinikin da ke buƙatar ka karanta wa wani ita.

Kuɗi sun shiga, sai ku ɗauki minti biyar ku rubuta 'yar takarda: sunan kaya, lambar IMEI, kuɗin da aka biya, kwanan wata, sunayenku da sa hannu, da na wanda ya raka ku a matsayin shaida. Kowa ya ɗauki hotonta a wayarsa. Ka cire layinka da katin ajiya, ka miƙa kaya, ya ce Allah ya amfana, ka ce Allah ya sa a mora. Kafin ka hau abin hawa, sauke tallar, in ba haka ba har mako mai zuwa wayarka ba za ta huta da masu tambayar nawa ne las ba.